Tsohuwa Ta Ja Sabuwa

A bakin dam ɗin Ajiwa, bayan la'asar,
jirgin Kawu Barmo na jingine da tayoyi biyu.
Shuɗi ne a da. Ruwa ya cinye rabin sunansa.
Masu gyaran bangon dam suka tafi suka bar shi,
ya saye shi da raguna uku da tsohon keke.
Aka ce mai haƙar rijiya ya tsufa,
ya gaji da bin ruwa a ƙasa, zai hau bayansa.
Bai tanka ba.

Yau igiyar da ke ɗaga babban zane ce ta gaza.
Rana ta toya ta, ta yi furfura,
in ka murza sai gari ya zubo kamar dusa.
Tana bin jikin sanda, ta ratsa gargaren ƙoli,
ta sauko ta ɗaya gefen.
Gaba huɗu ce sandar.
Ni tsoro ya hana ni hawa, shi kuma gwiwa.

Na ce mu zare ta kawai.
Ya cafke mini wuyan hannu.
"Kul, Tsahare. In ta hita daga gargaren can,
sai dai mu kā da sanda, ko mu roƙi shirwa.
Miƙo basilla."

Ya haɗa bakin tsohuwa da bakin sabuwa,
farar nailan da na sayo a kasuwar Katsina
har mai shago na tambaya ko raƙumi za mu ɗaure.
Bai ƙulla ba.
Ƙofar sama ƙanƙanuwa ce, ƙulli ba ya wuce ta.
Ɗinki ya yi da zaren takalmi, suka shida,
ya naɗe da baƙin salatif, ya lasa, ya latsa.

Na fara ja.
Tsohuwa na saukowa, sabuwa na hawa,
baƙin gurbin ɗinkin na rarrafe kamar gwano
har ya kai ƙoli. Ya tsaya cik.

Na ƙara ƙarfi. Ya ce a'a.
"Sassauta taki ɗaya. Murza ta hagu.
Ba jaki ba ce, lallashi take so."
Wuyana ya ƙage da kallon sama,
gumi ya shiga ido, ban da hannun sharewa.
Gargare ya yi kukan tsatsa, ƙiii,
sai wani ɗan motsi, kamar haɗiyar yawu,
ta wuce.

Tsohuwar ta zubo a ƙafata, tari guda, ba nauyi.

A kan kusurwar zane ya yi ƙullin guga,
wanda ya riƙe ƙugun maza a rijiya gaba talatin,
yatsunsa suka yi shi, idonsa na kan ruwa.
Na goga guntun kyandir a kwarin sanda.
Muka ja tare. Zane ya miƙe yana tari,
facin buhun taki a ƙirjinsa, hoton masara a kife.
Ragowar igiya na kewaya a ƙahon ƙarfe,
sau uku, ya sa na kwance, na sake.

"Shekara arba'in ina aika igiya ƙasa ta kawo ruwa,"
in ji shi. "Bari mu ga ko ta san hanyar iska."

Iska ba ta zo ba.
Wani masunci ya wuce da gora, yana ƙunshe dariya.
Zane ya rataye kamar wankin da aka manta.
Kawu ya zauna yana naɗe tsohuwar a gwiwar hannu,
wai za ta yi ɗaurin akuya wata biyu.
Ya yanke gurbin ɗinkin, ya sa a aljihu.

Can wajen Batagarawa ladan ya gyara murya.
Na duƙa zan ɗauki takalmi,
sai na ji sabuwar igiya tana bugun sanda a hankali,
tak, tak,
kuma bakinta a hannuna ya bari.